Kukan da Marit Take Ajiyewa Sai Kaka

Shekara arba'in da biyu ina shaƙar hayaƙin da rabon Marit ne. Ba ƙorafi nake yi ba, ko da yake a lokacin na yi shi, kullum, da babbar murya kuwa. Marit matar yayana Halvar ce. Ni ce Kersti, ƙanwarsa da aure bai ga damar zuwa wurinta ba, kuma tun shekarar da aka kawo Marit gidanmu aka haɗa mu da shanun ƙauye. Tsakiyar watan Yuni mu kora su rugar tudu, tafiyar awa biyar cikin daji, ba mu saukowa sai ranar Mikael, ƙarshen Satumba. Shanu talatin na gida tara, ban da awaki. Akan ba mu mata biyu ko uku masu taya tatsa, bana waɗannan baɗi waɗancan, amma mu biyu ba a canza mu. Ni ce mai cuku da man shanu, ita ce mai kira.

Babu shinge a can. Da safe a buɗe musu su bazu cikin daji, da yamma kuwa murya kaɗai ke dawo da su. Ƙarfe huɗu na yi Marit za ta hau wani faffaɗan dutse da ke bayan garke, ta dafa ƙugu, ta saki wata siririyar murya mai tsini da ba za ka ce daga jikin wannan 'yar guntuwar mata take fitowa ba. Masu saran itace a hayin tafki, inda sai ƙafa ta yi awa guda kafin ta kai, sukan ajiye gatari su ce Marit ta buga huɗu. Jim kaɗan sai ka ji ƙararrawar wuyan uwar garke can nesa, tana matsowa. Har 'ya'yanta biyu, Mats da Elin, kowa da nasa kiran lokacin da suke ƙanana suna bazama tsinkar 'ya'yan itace. Na Mats hawa yake yi ya tsaya cak, na Elin kuwa sai ya lanƙwasa sau biyu kafin ya sauka. Ni ma na taɓa gwada kiran sau ɗaya. Akuya guda ce ta ɗago kai ta dube ni, ita ma ta koma kiwonta.

Wannan maƙogwaro nata kuwa, jariri ma bai samu rainon da ya samu ba. Da safe ba ta yi wa kowa magana sai ta gama tatsar saniya uku, goshinta a jikin saniyar, baki a rufe, tana wani guɗa-guɗa ƙasa-ƙasa har muryar ta farka. Ga maɓuɓɓuga a ƙofar ɗaki, ruwa garau mai sanyin da ke kashe haƙori, amma Marit ba ta taɓa sa masa baki ba. Tana da 'yar buta a gefen murhu, ruwan ba zafi ba sanyi, yini take tana kurɓa. Gahawa, wadda mu sauran ba mu iya ɗaga ƙafa sai da ita, sai shanu sun shiga garke take shan kofi ɗaya. Ba ta gyaran murya, in abu ya tsaya mata sai ta haɗiye. Ba ta raɗa, wai raɗa ta fi ihu kankare maƙoshi, saboda haka ba a gulma da ita, abin da ya fi komai ba ni haushi ke nan. Idan na tafasa rassan itacen nan mai ƙamshi da muke wanke akusan madara da shi, sai ta yafa tawul a ka ta sunkuya kan tururin. Amma ɗakin girki, inda ake yini ana juya tukunyar ruwan cuku cikin hayaƙin da ke sa ido ya yi ja, ko bakin ƙofarsa ba ta takawa. Wannan aikin nawa ne, har da rabonta.

Nakan ce mata, "Matar Yaya, a dai gaida maƙogwaro. Yau ya tashi lafiya, ko a aika a kira masa likita?"

Sai ta gyara jan mayafin ulun da ba ya barin wuyanta, ta ce, "Ja lofenki can gefe, uwar hayaƙi. Ranar da hankakin dajin nan suka ƙare za a neme ki."

Iyakar faɗanta ke nan. In na ɗaga murya sai ta zuba mini ido in yi ta yi ni kaɗai har in gaji.

Duk waɗannan kowa a ƙauye ya san su, har ana yi mata dariya a kansu. Akwai doka guda da ba a dariya da ita, kuma a gabana aka kafa ta. Shekararmu ta farko a ruga, cikin Agusta, takarda ta zo cewa mahaifiyarta ta rasu. Amarya ce 'yar shekara ashirin, ta zauna ta yi kuka tun hantsi. Da ta hau dutsen ta buɗe baki, sai iska. Maƙogwaron ya kumbura, kwana uku babu murya. Lokacin kuwa naman kaza, wato lemar kwaɗi, ya fito a daji, kuma in saniya ta ɗanɗana shi ba ta ƙara tuna gida, bin sa take yi duk inda ya kai ta. Sai da maza suka hau suka bazu nema. An samu duka ban da guda ɗaya, saniyar tsohuwa Gertrud, wadda ita ke nan gare ta da jikoki uku. A fadama aka gan ta, laka ta haɗiye ta har wuya. Hunturun nan gida-gida aka raba yaran suna ci. Gertrud ba ta taɓa ce wa Marit uffan ba, a coci ma takan matsa mata wuri, kuma da zagi ta yi da ya fi sauƙi. Tun daga nan Marit ta ce tsakanin hawa da saukowa ita da kuka sun rabu. Na ɗauka maganar yarinya ce.

Shekara ashirin babu abin da ya gwada wannan doka, sai bazarar da Mats ya cika sha tara. Halvar yana cikin masu tura gungume a kogi, ya ce yaro ya isa ya bi shi. Marit ta ce a bari sai baɗi. Halvar ya yi dariya ya ce shi da sha shida ya fara. Elin tana da sha shida a lokacin, tana tare da mu a ruga.

Ranar wata Talata, uku ta ɗan gota, muka hango Halvar yana hawowa, hula a hannu. Namiji ba ya hawa ruga tsakiyar mako sai da dalili. Ya tsaya a tsakar gida ya faɗa, idonsa a ƙasa: gumagumai sun cushe a mashigi, Mats ya hau ya zare wanda ya tokare, suka saki gaba ɗaya. An samo gawarsa da safe. Elin ta zube a wurin. Ni ban san abin da na yi ba, an ce ihu nake. Marit tana tsaye da rariyar madara a hannu. Na ga maƙogwaronta yana hawa yana sauka, tana haɗiya, tana haɗiya. Ta ɗaga kai ta dubi rana.

Ta ce, "Bari in kira su tukuna."

Ta ajiye rariyar, ta kurɓi ruwan butarta, ta hau dutse. Ban taɓa jin ta yi kira mai kyan na ranar ba. Ni da na san labarin saniyar Gertrud, ni da na ga abin da idona, a wannan lokacin na tsane ta, Allah ya yafe mini. To balle Elin.

Ranar Lahadi aka binne shi. Marit ta sauka da sassafe, ta tsaya bakin kabari ido a bushe, ko waƙar coci ba ta sa baki ba. Ana gama zuba ƙasa ta juya ta kama hanya, ba ta zauna cin abincin makoki ba, domin ƙarfe huɗu ya same ta kan dutse. Mata suka bi ta da kallo. Wasu suka ce jarumta ce, wasu suka ce zuciyar ta bushe tuntuni, a maƙogwaro ranta yake.

Elin ta san dokar uwarta kamar yadda ta san ta gahawa da ta hayaƙi. Amma a ganinta baƙin cikin da zai jira a gama da shanu ba baƙin ciki ba ne. Mako biyar tana aiki a gefen uwar ba ta ce mata ci kanki ba. Ranar da mai ɗaukar man shanu zai sauka da dokinsa, ta fito da ƙunshinta. Marit na bakin garke.

Elin ta ce, "Inna, ke shanu kika haifa. Ga su nan, Allah ya bar ku tare."

Marit ta haɗiye. Yarinya ta wuce Stockholm, ta samu aiki a wata masaƙa.

Ranar Mikael ta zo, aka ɗaure kaya, aka jera shanu. Marit ta ce mu tafi, ita za ta tsaya kwana uku ta rufe ɗakuna ta kawar da itace. Aikin yini guda ne, amma babu wanda ya ja da ita. Washegari na ce wa Yaya na manta lofena a ruga. Ƙarya nake, yana cikin aljihuna. Faɗa na hau yi. Awa biyar ina tafe ina shirya maganganun da zan gasa mata, na ce yau ko ta ƙi ko ta so sai ta amsa mini.

Ina shiga tsakar rugar na ji wani sauti daga garke, na ɗauka dabba ce tarko ya kama. Na leƙa. Marit ce kwance a kan busasshiyar ciyawa, inda uwar garke ke kwana, ta rungume hular Mats, ta yar da jan mayafin can gefe. Kuka take da dukan ƙarfinta, baki buɗe, irin wanda ke tsaga maƙoshi, tana kiran sunansa, tana ce masa ya yi haƙuri ta sa shi jira. Wata uku ta riƙe shi. Duk maganganun da na shirya suka zube. Na zauna a bakin ƙofa muka yi ta yi tare, ita ciki ni waje.

Da ta lura da ni, muryar saura ƙiris. Na ce gobe-goben nan zan rubuta wa Elin. Ta damƙe hannuna.

"Kada ki soma, Kersti. In ta sauke fushin daga kaina, kan wa zai faɗa? Halvar ne ya kai shi kogi. Ni zan iya ɗauka, shi ba zai iya ba."

Ta sa na rantse, ni kuwa wawuya na rantse. Ta sauko ƙauye kwana uku bayan haka babu murya ko ta neman ruwa, mutane suka ce sanyin kaka ya kama Marit. Baɗi ma haka, baɗin baɗaɗa ma haka, har ya zama abin da aka saba da shi. Mata na aiko mata da zuma suna cewa ita da ke tsoron ruwan sanyi ga shi duk shekara sai mura ta kayar da ita. Mako biyu take yi tana tururi da ruwan ɗumi kafin muryar ta dawo, sannan ta ci gaba da lallaɓa ta har Yuni.

Dabarar tata ta ci, in ana kiran wannan ci. Duk wata takardar Elin na zuwa, da sunan ubanta a kai, shafi huɗu biyar. A ƙarshe sai layi ɗaya, a gaida mutanen gida. Halvar ya karanta mana da ƙarfi a kan tebur, Marit tana saƙa tana saurare, in ya gama ta ce ya maimaita wurin da ta ce ta samu ɗaki mai taga. Yayana mutumin kirki ne, amma har ya mutu bai taɓa tambayar kansa me ya sa matarsa ke daɗewa wajen rufe ɗakuna huɗu ba.

Ya rasu cikin Fabrairu, shekara goma sha uku bayan Mats. Elin ta zo a jirgin ƙasa, ta zama cikakkiyar mace, da kwat irin na birni. Hunturu ne, shanu na ɗaure a gida, babu mai jiran kira. Saboda haka Marit ta yi wa mijinta kuka a gaban kowa, kwana biyu, har ana riƙe ta a bakin kabari. Ni ban hango abin da zai biyo baya ba sai da na ga fuskar Elin. Bayan an watse, a ɗakin girki, tana sa safar hannu, ta dubi uwarta.

"Ashe kin iya."

Marit ta buɗe baki, babu abin da ya fito, kukan ya cinye muryar. A nan ne ya kamata in yi magana. Halvar ya tafi, wa kuma ake karewa? Amma zuciya ta ɗebe ni, wannan baƙar zuciya tawa da ba ta taɓa yi mini rana ba. Maimakon in ce Elin zauna ki ji, sai na ce mata marar kunya, birni ya koya mata sa kwat bai koya mata ladabi ba, ta fita ta ba mu wuri. Ta fita kuwa. Daga ranar ko layin gaida mutanen gida bai ƙara zuwa ba.

Na roƙi Marit ta sake ni daga rantsuwa. Ta ƙi. Wai in Elin ta sani yanzu, za ta gane shekara goma sha uku tana zaluntar uwarta, wannan ma kaya ne, kuma ba ta son ta ɗora mata. Na ce ke dai kin fi son ki mutu da gaskiyarki a ciki. Ta rubuta mata sau biyu, na gani. Labarin dusar ƙanƙara ne da na saniyar da ta haifi tagwaye. Marit ba ta iya magana a kan kanta ba, ko da baki ko da alƙalami. Haka muka ƙara shekara tara.

Bazararmu ta ƙarshe shanun saura goma sha ɗaya, matasa sun tafi birane, mu biyu kaɗai muka hau. Marit tana da sittin da biyu. Muryar na nan yadda take, ko gezau, amma a hanya sau uku tana tsayawa ta dafa itace, leɓɓanta sun yi shuɗi. Na dube ta na ce a raina rantsuwa ta ci gidansu. Mako na farko na rubuta wa Elin komai, da saniyar Gertrud, da garke, da hula, da abin da uwarta ta faɗa game da Halvar, na ba mai ɗaukar man shanu. Na ce ta zo washegarin ranar Mikael ta hau ta tsaya bakin garke ta ji da kunnenta.

Na manta masaƙa ba ta san ranar Mikael ba. A Yuli ake ba su hutu. Ranar wata Alhamis, uku da rabi, ina kwashe cuku, sai ga mace ta fito daga cikin itatuwa, takalman birni a hannu, ƙafa duk laka. Ta ce mini Gwaggo sannu, ba ta tsaya ba, ta wuce wurin uwarta. Marit na zaune a dokin ƙofa da butarta. Elin ta ciro takardata.

"Gwaggo ta rubuto mini. Ba daga bakinta nake son ji ba, Inna. Daga naki. Gaskiya ne?"

Marit ta miƙe. Ta dube ni, kallon da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai. Ta dubi 'yarta. Maƙogwaron ya fara hawa da sauka. Yuli ne, shanu na daji, shekara arba'in da biyu jiki ya saba. Na ga ta ɗaga kai ta dubi rana, na ce a raina wayyo Allah, kada ki faɗa.

"Bari in kira su tukuna."

Elin ta ninke takardar ta ajiye a kan benci, ta ɗauki jakarta ta juya. Na bi ta ina Elin, Elin, da wannan murya tawa ta hayaƙi da ba ta wuce tsakar gida. Ko waiwaye. Daji ya rufe ta. Na dawo kan Marit zan zazzage mata, na tarar ba ta nan. Tana tsaye gindin dutsen, ta kasa hawa, hannu ɗaya a ƙirji. Ta daɗe a haka. Na lissafa a raina, yanzu Elin ta wuce fadama, yanzu ta kai gangare, yanzu ta kusa mashigin rafi. Sannan Marit ta kurɓi ruwa, ta kwance jan mayafin ta miƙo mini, ta hau.

Ba shanu ta kira ba. Kiran Mats ta yi, mai hawa ya tsaya cak, wanda tudun nan bai ji ba tun yaron na da rai. Sau uku. A na ukun hawaye suka ɓalle. Ba ta sauka ba, ba ta haɗiye ba. Ta juya ta fuskanci hanya ta saki na Elin, mai lanƙwasa biyu, tana kuka tana kira, numfashi na sarƙe ta tana tura muryar ta cikinsa da ƙarfin tsiya. Na ce Marit ya isa, za ki tsaga shi. Ta ci gaba. Duk ruwan ɗumin nan, duk gahawar da ba ta sha ba, duk faɗan da ta bar ni na yi ni kaɗai, a wannan yammacin ta kashe su. Na ƙirga goma sha ɗaya. A na sha biyu muryar ta kai lanƙwasa ta farko ta tsinke, kamar zaren da aka ja ya wuce ƙarfinsa. Ta sake buɗe baki, sai iska.

Na taimaka mata ta sauko ta zauna. Muka zuba wa hanya ido. Shanu ba su zo ba, ba nasu kiran ba ne. Kusan awa guda muna zaune kafin Elin ta fito daga cikin itatuwa, babu jaka, ta yar da ita a mashigi, da gudu ta hawo. Ta durƙusa ta kifa kai a cinyar uwarta. Na shige ɗakin girki na ja ƙofa, na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido, ko da yake babu wanda ya tambaye ni.

Kwana tara Elin ta yi da mu. Ni da ita muka riƙa bin daji muna tattaro shanu da ƙafa, da ƙyar, kamar marasa hankali. Ita ke ɗumama wa uwarta ruwa, ita ke tafasa rassa ta yafa mata tawul, tana cewa in muryar ta dawo akwai hira, hirar shekara ashirin da biyu. Rana ta biyar ta kasa haƙuri ta miƙa mata fensir da takarda. Marit ta daɗe tana juya fensirin, sannan ta rubuta: ruwan ya yi zafi da yawa. Elin ta yi dariya har ta koma kuka. Da yamma uwar ta kama hannunta ta kai ta garke, ta zura hannu bayan wata azara ta ciro hular. Iyakar bayanin da Elin ta samu ke nan.

Muryar ba ta dawo ba. Ranar Mikael, da aka jera shanu, na ce, "Matar Yaya, ba za ki tsaya rufe ɗakuna ba?" Ta girgiza kai, ta ɗauki ƙunshinta ta shiga gabana. Karo na farko cikin shekara ashirin da biyu muka sauko tare. Elin ta rubuto za ta zo Kirsimeti, ta ce a gaya wa Inna ta ci gaba da tururi. Saura kwana goma sha ɗaya Kirsimeti, Marit ta zauna kan kujera bayan ta ba kaji abinci, ba ta ƙara tashi ba. Da bazara ta zo babu mai kira, gidajen da suka rage suka sayar da shanunsu, aka bar rugar.

Ƙarshen Satumba na wannan shekarar, ina tsakar gida ina tone dankali, sai ga Elin. Ban san yadda ta yi da masaƙar ba, ban kuma tambaya ba. Ta ce, "Gwaggo, ba ni makullin ruga." Na ce babu komai a can sai ɓeraye, bari in raka ki. Ta ce a'a. Na ɗauko jan mayafin na ba ta tare da makullin.

Kwana uku ta yi. Ta sauko ranar Lahadi ana fitowa daga coci, mata suka tare ta da gaisuwa, ta buɗe baki ta amsa, sai iska. Suka ce oho, sanyin kaka ne, gadon uwarta ta yi, a ba ta zuma. Na ja ta muka shiga gida, na ajiye lofena a waje, na ɗora butar Marit a gefen murhu.